Kafin ka aika wa tsohuwarka maɗaurin gwiwa: Abin da ya kamata 'yan ci-ranin Adar su sani

Jihar Tawa ta daɗe da yin suna wajen tura matasanta biɗa. Daga gundumomin Madawa, Buza da Keita, samari kan kama hanyar Abijan, Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya, kuma duk wanda ya samu ɗan rufin asiri yakan waiwayo gida da saƙo: atamfa, wayar hannu, fitila mai caji da rana. Idan tsohuwa ta koka da ciwon gwiwa a waya, ɗanta kan shiga kantin magani ya sayo wani abu mai kama da safa marar tafi, wanda a kwalinsa aka rubuta genouillère da Faransanci, ya ba direba ya kai mata.

Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa kuɗin kan tafi a banza. Maɗaurin gwiwa na'ura ce da aka ƙera don ta yi wani takamaiman aiki a kan ƙashi, kuma iri-iri ne. Wanda aka yi domin wata matsala ba ya aiki a kan wata, wanda kuma bai dace da girman ƙafa ba yana iya jawo wata sabuwar cuta.

Gwiwoyi uku, ciwo uku

A ɗauki misalin mutum uku da za a iya samun irinsu a kowane gari na yankin.

Ta farko dattijuwa ce a ƙasar Keita. A shekarar 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, inda aka jera duwatsu don tare zaizaya, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, saboda maza sun tafi ci-rani. Wadda take da shekara 25 a lokacin, yanzu ta haura 60. Gwiwarta na ciwo ta ɓangaren ciki, tana ƙagewa idan ta daɗe a zaune, ƙafar kuma ta fara yin baka.

Na biyu ɗan dako ne a kasuwar albasa ta Madawa, mai ɗora buhun da kan haura kilo 100 a kan babbar mota. Gwiwarsa kan ɗan kumbura da yamma, da safe ta sace.

Na uku saurayi ne a Buza da ƙafarsa ta murɗe a fagen kokowa ko a faɗuwar kabu-kabu. Ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki, gwiwar ta cika cikin 'yan sa'o'i, kuma tun daga lokacin takan zame masa idan ya juya da sauri.

Dukansu za su ce “gwiwa ke damuna”, kuma mai yiwuwa safa iri ɗaya za a aiko musu. Amma abin da ya lalace a jikin kowannensu daban ne.

Matsalar dattijuwar ita ce ta fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da cutar cinyewar gaɓɓai, wadda a takardar likita a Nijar za a ga an rubuta arthrose. Miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa take damunsu, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na masu cutar mata ne. Shekaru, ƙiba, tsohon rauni da aikin da ke buƙatar yawan tsugunno da ɗaukar nauyi na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Yadda gwiwa take aiki

A gwiwa ne ƙashin cinya yake sauka a kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana gaba. An lulluɓe bakin ƙasusuwan da guringuntsi mai santsi. Tsakaninsu akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke yin aikin gammo: suna baza nauyi don kada ya taru a wuri guda.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙasusuwan. Biyu suna gefe, ɗaya ciki ɗaya waje, suna hana ƙafa karkacewa. Biyu kuma sun gitta juna a tsakiyar gaɓar, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya. Ta gaba, wadda ake kira LCA a Faransanci, ACL a Ingilishi, ita ce ta fi tsinkewa ga 'yan ƙwallo da 'yan kokowa, idan tafin ƙafa ya kafe a ƙasa jiki kuma ya juya.

Nauyin da gaɓar ke ɗauka ya wuce yadda ake zato. Gwaje-gwajen da aka yi da gwiwoyin ƙarfe masu na'urar awo a ciki sun nuna cewa a tafiyar yau da kullum, gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku. Mace mai kilo 60 tana ɗora wa gwiwarta kimanin kilo 150. Idan ta ɗauki jarkar ruwa mai lita 20, lissafin ya koma wajen kilo 200. Mafi yawan wannan nauyi kuma ta ɓangaren ciki yake bi, shi ya sa nan ne ke fara cinyewa.

Abin da ya fi wahalar da masu ƙera maɗauri shi ne gwiwa ba ta lanƙwashewa kamar ƙyauren ƙofa da ke juyawa a kan ƙusa guda. Ƙashin cinya yana mirginawa, yana kuma sulɓewa a lokaci guda, wato wurin da gaɓar ke juyawa yana matsawa yayin da ake naɗe ƙafa. Idan ƙafa ta kusa miƙewa gaba ɗaya, ƙashin ƙwauri yana ɗan murɗawa waje ya kulle gaɓar. Maɗaurin da mahaɗinsa ke juyawa a wuri ɗaya tak ba ya bin wannan motsi daidai, sai ya riƙa gogar fata yana sauka ƙasa. Saboda haka ne ake ƙera masu inganci da mahaɗi mai ƙusa biyu da haƙora masu shiga juna, don ya kwaikwayi tafiyar gaɓar.

Kowane iri da aikinsa

Safar gwiwa ita ce mafi araha kuma mafi yawa a kasuwa. Tana matse wurin, tana ɗumama shi, tana rage ɗan kumburi, tana kuma sa mutum ya fi jin inda gwiwarsa take idan yana taku. Ɗan dakon Madawa zai iya jin sauƙi da ita. Sai dai yadi ne mai naso, ba shi da ƙarfin riƙe ƙashi. Saurayin Buza mai tsinkakkiyar jijiya idan ya sanya ta ya koma fage, gwiwar za ta sake zamewa, kuma kowace zamewa na iya yaga gammon da ke ciki.

Iri na biyu shi ne mai sandunan ƙarfe a gefe biyu da mahaɗi a tsakiya. Yana taimakawa sosai idan jijiyar gefe ce ta ji rauni, domin sandunan na tare karkacewa yayin da take warkewa. Ƙarfinsa ya dogara da tsawonsa: gwargwadon yadda ya hau cinya ya sauka ƙwauri, gwargwadon yadda zai iya riƙewa, kamar yadda doguwar ƙota ta fi gajera ƙarfi. Gajeren maɗauri mai ɗan siririn ƙarfe bai fi safa da wani abin kirki ba.

Akwai na bayan tiyata, dogo mai abin saiti a gefe kamar fuskar agogo. Likita ne ke saita iyakar digirin da gwiwa za ta lanƙwashe, yana ƙarawa sannu a hankali. Na ɗan lokaci ne, kuma barin sa ya wuce wa'adi yana ƙagar da gaɓa, ya ramar da tsoka.

Sai wanda ake gani a ƙafar 'yan wasa a talabijin, mai tauri, wanda aka yi don masu raunin jijiyar tsakiya. Ya yi suna ne tun wajen shekarar 1970, lokacin da aka ƙera wa ɗan ƙwallon Amurka Joe Namath irinsa a asibitin Lenox Hill na birnin New York. Iyakarsa ita ce tsakaninsa da ƙashi akwai tsoka da kitse masu motsi. Yana riƙewa a tafiya da ƙaramin aiki, amma ƙarfin da ke zuwa a lokacin kayi ko tsalle ya fi ƙarfinsa. Nazarce-nazarce da dama ma ba su ga wani ƙarin amfani ba a sanya shi ga kowa da kowa bayan an yi tiyatar gyaran jijiyar.

Na ƙarshe shi ne mai sauke nauyi, wanda ya fi kusa da buƙatar dattijuwar Keita. Aikinsa ya yi kama da yadda ake karya rake: hannu biyu a baki biyu, gwiwa a tsakiya tana turawa. Ga wadda ƙafarta ta yi baka, maɗaurin na tura gwiwa daga waje zuwa ciki, yana kuma tokare cinya da ƙwauri ta ciki. Wannan turi ta wurare uku yana ɗan buɗe ɓangaren da ya cinye, ya mayar da wani kaso na nauyin zuwa ɓangaren da ke da lafiya. Ga mai gwame, akasin haka ake yi. Ma'ana akwai na dama da na hagu, akwai na ciwon ciki da na ciwon waje, kuma idan aka yi kuskure, ɓangaren da ke ciwon ne za a ƙara wa nauyi.

Ko a tsakanin masana, ra'ayi bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi a 2019 cewa a yi amfani da irin wannan maɗauri ga wanda ciwon ya hana shi tafiya yadda ya kamata. Hukumar NICE ta Birtaniya kuwa a 2022 ta ce kada a riƙa bai wa kowa, sai wanda gwiwarsa ke rawa ko nauyi ke karkata a kanta. Abin da babu saɓani a kai shi ne maɗauri ba ya dawo da guringuntsin da ya cinye.

Zafi, ƙura da zaman tabarma

Yawancin waɗannan kaya an tsara su ne domin mutanen da ke zama a kujera a ƙasashe masu sanyi. A Adar, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, baƙar roba mai kauri da ake kira neoprene tana tara gumi, ta kawo ƙuraje da ƙaiƙayi a bayan gwiwa. Saƙaƙƙen yadi mai shan iska ya fi dacewa. Ƙurar hunturu tana cika maɗaurai masu mannewa har su daina kamawa, tana kuma shiga mahaɗin ƙarfe, don haka ana buƙatar goge su da ɗan buroshi, a wanke yadin da hannu, a shanya a inuwa.

Sannan akwai batun lanƙwasa. Tafiya tana buƙatar gwiwa ta naɗe wajen digiri 60, zama a kujera wajen 90. Tsugunno a banɗaki, zama a tabarma da zaman tahiya kuwa suna kai ta digiri 140 zuwa sama. Maɗauri mai ƙarfe da wuya ya bari a kai nan ba tare da ya tattare a bayan gwiwa ba. Dattijuwar da take cire shi sau biyar a rana, ta sake fama da igiyoyi huɗu ko biyar, nan da mako biyu za ta ajiye shi a ƙarƙashin gado. Shi ya sa sauƙin sanyawa yake da muhimmanci daidai da ƙarfin riƙewa, kuma wanda ake naɗawa ya fi wanda ake zurawa ta tafin ƙafa sauƙi ga tsofaffi. Malamai dai sun yi ittifaƙi cewa wanda bai iya tsayuwa ko sujada ba yana iya yin salla a zaune, gwiwa kuma ba ta cikin gaɓɓan da ake wankewa a alwala.

Awo kafin saye

Cinyar mutum ta fi ƙwaurinsa kauri, saboda haka duk abin da aka ɗaura yana son gangarowa. Idan maɗauri ya sauka da santimita biyu ko uku, mahaɗinsa ya bar saitin gaɓar, ya fara ja da ita maimakon taimaka mata. Mai shi kuma sai ya ƙara tamke igiya.

A nan haɗarin yake. A gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa, wata jijiyar ji da motsi tana bi ta kan ƙashi dab da fata. Matsi mai tsanani a wurin na iya sa bayan ƙafa ya mutu, har mutum ya kasa ɗaga yatsunsa yana jan ƙafa. Masu ciwon suga, waɗanda ƙafarsu ba ta cika jin zafi ba, na iya samun gyambo ba su sani ba. Wannan darasi ne da yankin ya sani ta wata hanyar. Karan da maɗori ke jerawa suna bin ƙa'idar hana motsi ne, kamar kowane maɗauri, amma likitocin ƙashi a arewacin Najeriya sun sha wallafa rahotannin ƙafafu da hannayen da suka ruɓe har aka yanke saboda ɗaurin da ya yi tsanani.

Awon ba shi da wuya, kuma duk tela yana da tef. A tsaye, ana auna kaurin cinya santimita 15 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, sai kaurin gwiwar kanta, sai na sha-raɓa santimita 15 ƙasa. A rubuta lambobin, a faɗi ƙafar dama ce ko hagu, a ɗauki hoton takardar likita, a tura ta WhatsApp. Harufan S, M da L sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka jadawalin da ke jikin kwali ne abin dubawa. Bayan an ɗaura, ya kamata yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashin igiya.

Yara da masu shan inna

Iyaye kan tsorata idan suka ga ƙafar jariri ta yi baka. Ga yawancin yara hakan kan miƙe da kansa wajen shekara biyu, daga nan ƙafar ta ɗan yi gwame a shekara uku zuwa huɗu, ta daidaita wajen shekara bakwai. Idan lanƙwasar na ƙaruwa, ko a ƙafa ɗaya take, ko yaron na jin ciwo, sai a je asibiti. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran Najeriya masu laushin ƙashi sun fi warkewa da sinadarin kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Maɗaurin kasuwa ba ya gyara ƙashin da ƙarancin abinci mai gina shi ya lanƙwasa. A Yamai, asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 yana yi wa irin waɗannan ƙafafu tiyata.

Waɗanda shan inna ya shanye wa ƙafa kuwa buƙatarsu ta fi ta kowa girma. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan. Takalminsu dogo ne, daga cinya har tafin ƙafa, da zobe a gefe wanda ke faɗawa ya kulle gwiwa idan an miƙe, a ɗaga shi idan za a zauna. Ba a sayen irinsa a shago. Ƙwararre ne ke auna ƙafar ko ya ɗauki siffarta da filasta, kuma yaro mai girma yana buƙatar a riƙa sauya masa.

Ina za a je?

Ƙwararrun ba su da yawa. WHO ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum ɗaya ne cikin goma masu buƙatar kayan tallafi irin waɗannan yake samu. Yawancin masu ƙera su a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a makarantar ENAM ta birnin Lome suke koyon aikin. A Nijar, ƙungiyar agaji ta CICR ta shafe shekaru tana tallafa wa sashen ƙera kayan a Babban Asibitin Yamai, kafin hukumomi su umarce ta da barin ƙasar a Fabrairun 2025. Daga Madawa zuwa Yamai kuma tafiyar kimanin kilomita 500 ce.

Matakin farko ya fi haka kusa. Madawa, Buza da Keita kowace tana da asibitin gunduma, akwai asibitin jiha a Tawa, akwai kuma asibitin Galmi da ke yamma da Madawa a kan babbar hanya, wanda ke aiki tun 1950 kuma ya yi suna a tiyata. A tsallaken iyaka, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka kafa a 1959, yana da sashen ƙera ƙafafun roba da kayan tallafi.

Akwai alamomin da ba a jira da su: gwiwa mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai ciwon sikila, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa, tafin ƙafa da ya yi sanyi ko ya mutu bayan rauni, da sha-raɓar da ta kumbura tana ciwo. Ɗaura wani abu a kan waɗannan ɓata lokaci ne mai haɗari.

Ga mai cinyewar gaɓa, abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu ba su da tsada. Ƙarfafa tsokar gaban cinya na kan gaba: a zauna, a miƙe ƙafa, a riƙe ta na ɗan lokaci, a sauke, a maimaita kullum. Sanda tana rage nauyi idan aka riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren da ƙafa mai ciwo. Wani bincike na 2005 a Amurka ya gano cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Amalanke ko jakin da zai karɓi ɗiban ruwa, da kujerar zama a banɗaki, na iya yi wa dattijuwar Keita abin da maɗauri mai tsada bai yi ba.

Ɗan dakon Madawa safa mai shan iska za ta iya isarsa, muddin kumburin bai ƙaru ba. Saurayin Buza yana buƙatar likita ya gwada jijiyarsa kafin ya sake shiga fage. Dattijuwar kuma hoton ƙashi ne zai nuna ɓangaren da ya cinye, da ko maɗauri mai sauke nauyi zai yi mata amfani. Ga ɗan da ke Abijan ko Tirabulus yana son ya ga mahaifiyarsa tana takawa zuwa kasuwa, saƙon farko da ya kamata ya aika shi ne kuɗin mota zuwa asibiti da na ɗaukar hoto. Idan takardar likita da awon tela sun iso wayarsa, sai ya shiga kanti.